Windows ko Linux a sabuwar kwamfutar wasa?

Tambaya: Malam, na haɗa sabuwar kwamfuta don buga wasanni, galibi EA Sports FC da Valorant. Abokina ya ce in sa Linux tunda kyauta ne. Wanne ya fi? Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

Amsa: Malam, sa Windows 11. Linux ya ci gaba sosai, ta hanyar Steam (kasuwar wasannin kwamfuta) da Proton (manhajar da ke buɗe wasannin Windows a Linux) yana ɗaukar wasanni da yawa, amma waɗannan biyun da ka ambata suna zuwa da manhajar hana maguɗi wadda ba ta aiki a kansa. Windows 10 kuwa, Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba, 2025.

Ka samu filash mai 8GB ko fiye, ka sauke Media Creation Tool, manhajar da za ta ɗora Windows a kan filashin, daga shafin Microsoft. Kafin ka fara, shiga BIOS (saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta) ka kunna matakan tsaro biyu, TPM 2.0 (a AMD sunansa fTPM, a Intel kuma PTT) da Secure Boot, ka kashe CSM (tsohon tsarin tayar da kwamfuta). Nan mutane suka fi tuntuɓe: in babu su, Valorant ba zai buɗe ba. A BIOS ɗin dai, ka kunna XMP ko EXPO (saitin gudun RAM), in ba haka ba RAM ɗinka zai yi gudu ƙasa da ƙarfinsa.

Ka guji Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima da wasu shaguna ke ɗorawa, sau da yawa an cire masa tsaro. Direban katin hoto (manhajar da ke sarrafa shi) daga shafin Nvidia ko AMD za ka ɗauko. Kada kuma ka sabunta BIOS ba UPS ko inbata, ɗaukewar wuta a tsakiya na iya kashe motherboard, wato babban allon cikin kwamfutar.