Kun Tambaya: Yawon Buɗe Ido a Jirgin Ƙasa

Wani matashi daga Kano ya rubuto cewa ya tara ɗan kuɗi, yana so ya zagaya Najeriya a jirgin ƙasa a hutun ƙarshen shekara. Ko zai yiwu?

Zai yiwu, ƙanena, amma da taimakon mota. Sababbin dogayen layuka uku ne, kuma ba su haɗe da juna ba: Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, wanda aka buɗe a 2016, Itakpe zuwa Warri, a 2020, sai Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, a 2021. Tsakaninsu mota za ka hau, ka ware kuɗinta tun daga gida. In ka hau na Legas, ka sauka Abeokuta ka ga Dutsen Olumo. Tashar Ibadan tana Moniya, bayan gari, kada ka bari dare ya same ka a can ba ka san masaukinka ba.

Wata uwa daga Zariya ta ce 'yarta za ta bi jirgin Kaduna zuwa Abuja, ita kuwa tun harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 gabanta ke faɗuwa.

Hajiya, tsoronki ba abin kunya ba ne, an rasa rayuka a daren nan, an yi watanni ana tsare da mutane. Jirgin ya dawo aiki a Disamban shekarar. Ta ɗauki na safe, ta cika wayarta da caji, ta kira ki daga tashar Rigasa a Kaduna, ta sake kiranki in ta sauka tashar Kubwa ko Idu a Abuja. Ta riƙe rigar sanyi, na'urar sanyaya taragun tana da ƙarfi. Allah Ya kai ta lafiya.

Wani kuma yana tambaya: in tikiti ya ƙare, ya saya a hannun masu tsayawa bakin tasha?

Haba malam! Sau nawa za a faɗi wannan? Tikitin yana ɗauke da sunan wanda ya saya, kuma ana duba shi da katin shaida. Ɗan cuwa-cuwa zai karɓi ninkin kuɗin, ya miƙa maka takarda mai sunan wani, ko hoton tikitin da ya riga ya sayar wa mutum uku. A ƙofa a mayar da kai, shi kuwa ya ɓace. Na taɓa ganin dattijo da iyalinsa an hana su shiga, kayansu jibge a ƙasa, yara na kuka, kuɗin guzuri duk sun tafi. Har yau abin yana ci mini rai. Abin haushin, mu ne muke ciyar da waɗannan mutane: mutum ya san ranar tafiyarsa tun mako guda, sai ya zauna har safiyar ranar, musamman gab da sallah. Ka sayi tikitinka ta intanet a shafin hukumar jiragen ƙasa da zarar an buɗe sayarwa, da lambar NIN ɗinka. Ka kuma lura da shafukan bogi da masu turo lambar asusu ta WhatsApp. In kujera ta ƙare, ka ɗaga tafiyar zuwa gobe ko ka nufi tashar mota.