Amsa: Haɗa Okta da manhajar murya ba tare da rubuta kod ba

Malam, ka tambaya ko sabon ma'aikaci a ofishinku na Wuse zai iya samun saƙon murya na maraba da zarar an buɗe masa asusu a Okta, manhajar da ke kula da asusun shiga na ma'aikata, alhali ba ku da mai rubuta manhaja. Zai yiwu sarai.

Ka yi amfani da Make ko Zapier, manhajojin da ke haɗa wata manhaja da wata ba tare da kod ba. A Okta akwai Event Hooks, tsarin aika sanarwa kai tsaye idan wani abu ya faru: ana buɗe asusu sai ya aika sanarwa zuwa adireshin intanet da Make ya ba ka, amma sai ya fara tantance adireshin sau ɗaya kafin ya yarda. Daga nan Make ya ɗauko sunan mutumin, ya cusa shi cikin rubutun da ka tanada, ya miƙa wa ElevenLabs, manhajar da ke mayar da rubutu murya, fayil ɗin MP3 ya dawo, a tura ta imel.

Inda zan ja kunnenka: sunan farko kaɗai za ka tura. Lambar NIN da kalmar sirri kada su bi wannan hanya ko kusa, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana kanku. Ni da n8n zan zaɓa ma, wanda ke aiki irin na Make, tunda ana iya girka shi a sabar ofis, wato babbar kwamfutar ofishin. Kuma ka gwada muryar da sunaye irin Ɗanladi da Ƙasimu tukuna, ka ji yadda take furta su.