Tambaya da Amsa: Tunda Wilson Ya Harbi Tsuntsaye, Ni Ma In Sa A Harbo Mini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, sashen nazarin dabbobi, kuma aikina na kammalawa a kan tsuntsayen fadamar garinmu ne. Na karanta tarihin Alexander Wilson, wanda ake kira uban ilimin tsuntsaye a Amurka, sai na ga ashe yawancin tsuntsayen da ya zana harbo su ya yi. Wani yayana da ya riga ni gamawa ya ce in nemi maharbi ya kawo mini biyu-biyu daga kowane iri in busar, wai haka manya suka yi, kuma tsuntsu ba ya ƙarewa. Har ya haɗa ni da wani mai kayan magani a kasuwa da ya ce zai samo mini ungulu. Abin ya hana ni barci. In ban kawo gawa ba, aikina zai karɓu kuwa? In kuma na kawo, ban ɗauki alhaki ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka, aikinka zai karɓu ba tare da ka zubar da jinin ko da benu guda ba. Amma kada ka sake taka ƙafa wurin mai kayan maganin nan.

Gaskiya ne Wilson ya yi harbi, ba zan wanke shi ba. Sai dai ka dubi halin da ya yi aiki a ciki. Masaƙi ne ɗan garin Paisley a Sikotland, an haife shi a 1766, ya yi talla da ƙunshin kaya a baya, ya sha ɗauri saboda waƙar zambo da ya yi wa wani mai masaƙa. A 1794 ya tsallaka Amurka ba ko sisi, ya kama koyarwa a makarantun ƙauye. Sai a 1802, da ya koma wata makaranta kusa da Filadelfiya, ya yi maƙwabtaka da masanin tsirrai William Bartram, wanda ya buɗe masa ɗakin littattafansa ya ƙarfafa masa gwiwar zane. A lokacin babu kyamara a duniya, babu madubin hangen nesa irin wanda kake ratayawa a wuya, babu cikakken littafin jagora kan tsuntsayen Amurka, domin shi ne ma yake rubuta na farkon. Mutumin da yake son ya ƙirga gashin fiffike ko ya ga launin ido ba shi da hanya sai ya riƙe tsuntsun a hannu. Da haka ya fitar da littafinsa American Ornithology, juzu'i 9 tsakanin 1808 da 1814, da bayanin nau'i 268, yana yawo gari-gari a ƙafa da kan doki yana neman masu sayen saiti a dala 120. Atuni ya kashe shi a watan Agusta 1813 yana da shekara 47, abokinsa George Ord ne ya ƙarasa aikin.

Kuma abin da ya ɗaukaka littafin ba gawarwakin ba ne. Zaman da ya yi yana kallo ne, yana rubuta abin da tsuntsu ke ci, yadda yake kuka, inda yake sheƙa, watan da yake zuwa da watan da yake tafiya. Shi kansa harbin bai bar shi da daɗi ba. A 1809, kusa da Wilmington a Karolina ta Arewa, ya harbi wani ƙaton maƙwaƙƙwafi mai farin baki kamar hauren giwa, ya ji masa rauni a fiffike, ya ɗauko shi yana ta kuka kamar jariri har dokinsa ya firgita. Ya kulle shi a ɗakin masauki ya fita duba doki. Kafin awa guda ya dawo, tsuntsun ya farfashe yaɓen bango ya cika gado da shi, saura kaɗan ya huda ya fita. Ya ɗaure shi a ƙafar teburi, ya sassaƙe teburin. Ya ƙi ci ya ƙi sha, ya mutu wajen kwana uku, Wilson kuwa ya rubuta cewa da nadama ya kalli mutuwarsa.

To yanzu bari in zo kan maganar yayanka, domin ita ce ta fi ɓata mini rai. "Tsuntsu ba ya ƙarewa." Ina jin wannan magana a bakin maharba, a bakin yara masu danƙo, a bakin masu digiri, har a bakin waɗanda aka ɗauka aiki don su kare daji. Kuma babu wanda ya fi ƙaryata ta kamar littafin Wilson ɗin da aka kafa maka hujja da shi.

Yana kan hanyar Frankfort a Kentucky, garken wata tantabarar daji mai ƙaura ya ratsa ta kansa. Ya tsaya ya duba agogo. Ya kimanta faɗin garken mil 1, gudunsu mil 1 a minti, suka shafe awa 4 suna wucewa, wato tsawon mil 240. Ya sa tantabara 3 a kowane yadi murabba'i, lissafi ya ba shi 2,230,272,000. Garke ɗaya ke nan, ɗana. In akwai tsuntsun da za a rantse ba zai ƙare ba, to shi ne. A 1857 aka kai ƙudurin kare ta majalisar dattawan jihar Ohio, kwamiti ya ce ba ta bukatar kariya, yawanta ya wuce a taɓa shi. Sai jirgin ƙasa da wayar tangaraho suka zo. Da an ji inda suka sauka yin sheƙa, sai a buga waya, masu raga su taru, a cika ganguna a loda a jirgi zuwa kasuwannin birane, ga kuma saran dazuzzukan da suke samun abinci. Ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, kuma ba ta hayayyafa sosai sai cikin babban taro. Wajen 1900 aka daina ganinta a daji. Ta ƙarshe a duniya, wadda ake kira Martha, ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumba 1914, shekara 101 bayan mutuwar mutumin da ya ƙirga biliyan biyu.

Tsiryar Karolina ma haka. Wilson ya ga da idonsa cewa in aka harbi wasu, sauran ba sa gudu, sai su yi ta kewaya 'yan'uwansu da suka faɗi, suna sauka kusa da mai bindiga. Ta ƙarshe da ke tsare ta mutu a wannan gidan namun dajin a 1918. Ba bindigar Wilson ce ta ƙarar da su ba, kasuwa ce da kuma wannan tunani na yayanka, kowa yana cewa nawa biyun ba za su rage komai ba.

Shi ya sa batun ungulu ya tayar mini da hankali. Ina yaro, in aka aike ni kwata da safe, sai na kore su da hannu kafin in isa wurin mahauci. Suna jere a kan rufin kwano kafaɗa da kafaɗa, wasu a ƙasa suna jan hanji da karnuka. Je ka kwatar garinku gobe ka ƙirga mini. Ita ma ƙwai ɗaya take yi a shekara, kuma tun 2015 aka sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A 2020 an tsinci gawar ungulu kusan 2,000 da aka sa wa guba a Gine-Bisau, da yawa an datse musu kai. Ina kawunan suke zuwa? Kan tabarmar irin mutumin da aka haɗa ka da shi, a jere da ƙahoni da busassun hawainiya, a sayar wa mai neman sa'a ko mai ciwon taɓin hankali da ya kamata a kai shi asibiti. Kan ungulu ba ya maganin komai. Wanda aka kashe da gubar gona ma cuta zai ƙara wa mai sha. In ka ba shi kuɗi da sunan bincike, gobe zai je ya zuba guba a mushe, ya kashe ashirin don ya kawo maka ɗaya. Gauraka da kakanninmu suka saba gani a fadamun Hadeja da Nguru, yau sai an yi da gaske ake ganin ta.

Ban ce an daina tattara samfuri a kimiyya ba. Gidajen adana kayan tarihi suna yi, da izini a rubuce, da dalilin da ba a iya amsa shi ta wata hanya. Lissafin tsuntsayen fadama ba ya cikin wannan. In wani malami ya tilasta maka kawo gawa, ka tambaye shi da ladabi wace tambaya ce gawar za ta amsa, kuma ina takardar izini.

Abin da za ka yi shi ne ka ari madubin hangen nesa da littafin jagorar tsuntsayen Afirka ta Yamma. Ka tsara layukan da za ka riƙa bi kana ƙirga tsuntsaye, ko ka kafa wuraren tsayuwa a fadamar, ka riƙa zuwa bayan asuba, lokaci ɗaya kullum, damina da rani in wa'adinka ya kai, don ka kama baƙin da ke zuwa daga Turai da hunturu. Wanda ka kasa ganewa, ka ɗauki hotonsa ko ka naɗi kukansa a waya. Ka tuntuɓi cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos, su ne ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma bayananka za su shiga ciki ta manhajar BirdLasser. In ka ci sa'a ka ga ungulu, ka rubuta rana da adadi, amma wurin sheƙarta kada ka faɗa wa kowa sai mai duba aikinka.