Tambaya da Amsa: Notin Silindar Katafila Ya Ƙi Kwancewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni mai gyaran manyan motoci ne a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. An kawo mini silindar hannun katafila tana yoyon mai, na zare sandar, amma babban notin da ke riƙe fistin ya ƙi motsi. Ba ni da sifana mai girmansa, kuma yarana sun yi ta dukansa da guduma da cizal har gefensa ya fara lalacewa. Shin zan iya ƙera abin kwance shi da kaina?

AMSA: Wa alaikumus salam. Za ka iya, Malam, amma ka fara karɓe gudumar nan daga hannun yaran, domin duk kusurwar da suka cinye ita ce sifanar da za ka ƙera za ta rasa wurin kamawa.

Kafin a yi maganar ƙarfi, ka wanke notin da kananzir ka duba shi da kyau. Yawancin irin waɗannan notuna suna da makulli: wani ɗan ƙaramin sukuru ne ake ɗaurawa ta gefe, wani lokaci da ƙwallon ƙarfe a ƙarƙashinsa, kuma baƙin mai yakan rufe raminsa har ba a gani. Wasu kuma gam ake shafa wa haƙoransu, irin su Loctite, wanda ba ya saki sai ya ji zafin da ya kai kimanin digiri 250 a ma'aunin Celsius. Idan gam ne, ka gasa notin kaɗai da wutar gas, kana zagayawa, kada ka bari ya yi ja. Robobin fistin za su ƙone, amma dama su ka zo canzawa.

Sifanar kuwa, ka nemi falankin ƙarfe mai kaurin milimita 25 zuwa 30 a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Ka ɗora kwali a kan notin, ka bi gefensa da ƙaramar guduma har siffar kusurwa shida ta fito, sannan ka kai wa mai walda ya huda ƙarfen da gas. Ka gaya masa ya yanka ramin ya ɗan gaza girman notin, a ƙarasa da giranda da magagari, ana gwadawa, har ya shiga daram ba ya girgiza. A nan ne yawancin mutane suke gaggawa, su yanka rami mai faɗi, sai sifanar ta zame ta ƙarasa cinye notin. Ramin ya zama rufaffe ta kowane gefe, domin mai buɗaɗɗen baki wagewa yake yi, kuma a bar naman ƙarfe aƙalla yatsu uku kewaye da shi. Ya fi kyau a yanko mariƙin tare da kan daga falanki ɗaya, tunda walda ce ta fi saurin tsinkewa idan nauyi ya hau.

Sai lissafin ƙarfi. Mutum mai kilo 70 idan ya rataya a ƙarshen bututu mai mita 2, abin da zai bayar bai wuce nutan-mita 1,400 ba (nutan-mita shi ne ma'aunin ƙarfin juya noti), alhali notin fistin na babbar katafila ana ɗaure shi da dubbai. Shi ya sa ake ganin ƙarti uku suna lilo a kan bututu, noti ko gezau. Jak ɗin mota na mai ya fi su: idan ya tura da nauyin rabin tan a mariƙi mai mita 1, ya ba ka kusan nutan-mita 4,900. Idan kana fuskantar notin, ka juya mariƙin zuwa damanka, ka sa jak a ƙarƙashinsa, turawa sama ita ce kwancewa, muddin haƙoran na dama ne kamar yadda aka saba.

Abin da ya fi ba da wahala shi ne riƙe sandar, domin jak zai ɗaga ta gaba ɗaya maimakon ya juya notin. Ka mayar da idon sandar, wato ramin da ke ɗaya ƙarshenta, cikin mazauninsa a jikin katafilar ka zura fil ɗinsa, ko ka walda kunnuwa biyu a kan dogon ƙarfe mai nauyi ka sa fil a tsakani. Ɓangaren da ke kusa da notin kuma a ɗora shi kan gungumen katako, a ɗaure da bel mai ƙarfi. Kada sarƙa ko sifana mai haƙori ta taɓa farin jikin sandar, domin ƙarzuwa ɗaya da farce zai iya ji ta isa ta yanka sabuwar roba, yoyo ya dawo.

Lokacin bugun jak, kowa ya kauce daga saitin mariƙin, saboda notin yakan saki ne farat ɗaya da ƙara mai firgitarwa. Wajen mayarwa kuma, ka nemi adadin ɗaurin da littafin injin ya faɗa, idan da nutan-mita ne ka raba shi da tsawon mariƙinka a mita, ka sake rabawa da goma don ka san kimanin kilo nawa za ka ɗora, sannan ka mayar da ɗan sukurun makullin.