Ba kowace roba ke shan rini ba

Wani matashi daga Ringim ya rubuto: "Robobin Bajaj ɗina sun koɗe da rana. In na kai su marina aka tsoma a baba, za su kama?"

Ba za su kama ba, ɗana. Baba na auduga ne. Ka kwance robar ka leƙa cikinta, galibi akwai haruffan da aka buga a jiki masu nuna irin robar, kamar PP, PA ko ABS. In PP ka gani, haƙura, ba ta shan rini ko ta kwana a ciki. PA, wato nailan, tana shan wani rinin daban, ba baba ba, a ruwan zafi, ABS kuma sama-sama. Sannan rini duhu yake ƙarawa: ja zai koma baƙi, baƙi ba ya komawa fari. In ruwan ya cika zafi robar ta lanƙwashe, ramukan noti su ƙi haɗuwa. Kuma kada in ji ka taɓa tukunyar girkin gida.

Daga Bichi wani na tambaya ko zai goge robar da tina, wato ruwan sirka fenti, kafin fenti. A'a. Tina na cin ABS. Omo da ruwa sun isa.

Wata malamar firamare a Gumel ta ce da kuɗin adashe ta sayi roba-roba na hannu, duk ya yi fari-fari, har kunyar hawansa take ji. Malama, kwantar da hankalinki, babur ɗin da ke kai ki makaranta kan lokaci ba abin kunya ba ne. In kina so ya yi kyau, a wanke, a goga sanfefa mai laushi, a fara fesa na share fage da aka yi don roba, sannan fentin, kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku, a inuwa, ba ranar ƙurar hunturu ba. Ki bar launin da ke rubuce a takardun babur, don kada a tsaya dogon bayani a shingen hanya.

Shi kuwa na Wudil da ke son fesa wa fitilar baya baƙin fenti "don gayu", ban san me zan ce masa ba. Mai tirela zai hango gayun da daddare? Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Yaro zai sayar da buhun gero bayan kaka, ya kwashi gwangwanayen feshi a kasuwar ƙauye, marasa suna marasa kwanan wata, waɗanda mako biyu suke ɓarewa. Ka duba babur ɗin: taya ta suɗe, birki sai an haɗa da ƙafa, baƙin man kuma na zubi ne a gorar ruwa, ba wanda ya san asalinsa. Hular kwano ma wasu fesawa suke, alhali sinadarin fenti na iya raunana ta. Kai na Wudil, kai kuɗin nan wurin bakanike ya canza maka takalmin birki, fitilar kuma ka bar ta ja.