Bangon ɗakina yana fumfuna duk damina, shin gidan ya zama najasa kamar a shari'ar Bani Isra'ila?

Tambaya: Malam, bangon ɗakina duk damina sai ya yi kore-kore, na kankare na sake filasta amma ya dawo. Wani ya ce min a Attaura irin wannan gidan rushe shi ake yi don ya ƙazantu, kuma wai shari'ar Annabi Musa (AS) ta hau kanmu. Sallata a ɗakin fa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, sallarka ta yi. Fumfuna ba najasa ba ce, asalin abubuwa tsarki ne, wannan ba a saɓa ba.

Abin da mutumin ya faɗa akwai shi a littafin da ke hannun Bani Isra'ila, Littafin Firistoci babi na 14. In aka ga tabo kore ko ja ya lotsa cikin bango, sai a kwashe kaya, firist, wato malamin ibadarsu, ya duba ya rufe gidan kwana 7, in ya bazu a ciro duwatsun a zubar bayan gari, a kankare ciki a sake yaɓe. In ya sake dawowa shi ne ake rushe gidan kaf, har katako.

To amma cewa ya hau kanmu, nan ne ya zame. Eh, Malikiyya da Hanafiyya suna cewa shari'ar waɗanda suka gabace mu tamu ce, sai dai da sharaɗi, kuma sharaɗin ne mutane ke tsallakewa: sai hukuncin ya zo mana ta Alƙur'ani ko ingantaccen hadisi sannan ba a shafe shi ba. Wannan na gida ta ina ya zo? Ta littafinsu kawai, wanda aka ce kar mu gaskata kar mu ƙaryata. Ba da labarinsa ba laifi, amma ka rushe gida a kansa? Ai ko wanda ya tabbata a hadisi, cewa Bani Isra'ila suna yanke wurin da fitsari ya taɓa da almakashi, an ɗauke mana, aya ta 157 a Suratul A'araf ta yi maganar sauke wannan nauyi. Wani Balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallacin Annabi (SAW), guga ɗaya na ruwa aka zuba, ba wanda ya ciro ƙasa. Kuma nassin nasu da ƙasar Kan'ana ya ɗaura hukuncin, har cikin Talmud, littafin bayanan malaman Yahudawa, akwai malaminsu da ya ce irin gidan bai taɓa faruwa ba.

Abin da nake so ka duba shi ne daga ina laimar take. In ruwan sama ne ko danshin ƙasa, ba komai. In kuwa bangon yana jingine da sokawe ko bututun masai ne ya fashe, to wannan ruwan najasa ne, duk abin da ya jiƙa na tufa ko darduma sai an wanke. Ka kira birkila ya gano tushen, filasta a kan danshi asarar siminti ce.

Sannan kar ka bar yara ko mai asma su kwana a ɗakin, kuma kar wani ya karɓe maka kuɗi wai aljanu ne. In haya kake ka sanar da mai gida, in kuma za ka sayar wajibi ne ka faɗa wa mai saye aibin, kar ka shafa fenti ka yi shiru. Wallahu a'alam.