Tambaya da Amsa: Me ya sa wata ke fitowa fari fat a hotona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni mutum ne mai son kallon sama da daddare, amma duk sanda na ɗauki hoton wata da wayata sai ya fito kamar ƙwan fitila ba a ganin komai a jikinsa, taurari kuwa ko ɗaya ba ya fitowa. Abokina ya ce wai sai na sayi teleskof. Haka ne? Daga ɗan'uwanku a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ajiye kuɗinka tukuna, teleskof ba zai gyara wannan ba, saitin kyamara ne. Wata haske ne ya yi masa yawa, taurari kuma haske ne ya yi musu kaɗan.

Shi wata hasken rana ne ke dukansa, to ita waya duhun da ya kewaye shi take aunawa sai ta buɗe ido sosai, shi ya sa yake ƙonewa. Ka shiga Pro a kyamarar wayarka, wato sashen da kake saita komai da hannunka, ka sauke ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) zuwa 100, shata (tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido) ka sa ta wajen 1/250 na daƙiƙa, fokas kuma ka kai shi can nesa da hannunka. Sannan kar ka jira daren sha huɗu, mutane da yawa nan suke kuskure, a daren rana na haska shi gaba da gaba babu inuwa sai ya fito shafal. Daren bakwai ko takwas ga wata shi ne dare, ka duba daidai inda haske ya haɗu da duhu, nan inuwa ke fito da ramuka da duwatsu, musamman in kana da kyamara mai dogon lens.

Taurari su sai an bar shata a buɗe, daƙiƙa 10 zuwa 20, ISO 1600 ko 3200, kuma wallahi hannu ba zai iya riƙewa ba komai natsuwarka, dole ka nemi tirayifod, wato abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ko ka jingina wayar da bulo, ka sa taima na daƙiƙa 2 don kar taɓawar ta girgiza ta. Kar kuma ka zarce, saboda duniya na juyawa digiri 15 duk awa, in ka daɗe taurarin za su zama layi layi. Don sanin iyakar daƙiƙar da za a bar shata a buɗe, masu wannan harka suna raba 500 da tsawon lens, misali 24mm zai ba ka wajen daƙiƙa 20.

Abin da ya fi duk wannan shi ne duhu da lokaci. Cikin gari fitilu sun cinye sama, ka fita gefen gari inda kake da tabbacin tsaro kuma kar ka je kai kaɗai, a ƙarshen wata lokacin da babu farin wata. A nan arewa Oktoba da Nuwamba na fi so, ruwa ya wanke sama gajimare ya tafi, hazon hunturu bai kankama ba, ga Kaza da 'ya'yanta tana tasowa daga gabas bayan isha'i. Manhajar Stellarium za ta nuna maka inda kowace tauraruwa take. In ka ɗauki hotuna 30 ko 40 na wuri ɗaya ka haɗe su a kwamfuta da manhajar Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta ne, za ka ga taurarin da idonka bai gani ba.

Teleskof ranarsa na zuwa, sanda kake son zoben duniyar Zuhal ko manyan watannin duniyar Mushtari guda 4 da masanin taurari Galileo ya hango a 1610, akwai ɗan maƙali da ake ɗaure waya a bakin madubinsa. Amma dan Allah ko ka saya kar ka taɓa juya shi wajen rana ba tare da filta ta musamman a gabansa ba, nan take yake lalata ido, kuma ka ja kunnen yaran gida.